Badi'a Mai Ɗinkin Kasat

Idan ka shiga tasha a Birnin Konni ta ƙofar da masu albasa ke sauke buhuna, ka bar rumfar masu faci a hannun dama, za ka tarar da wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofar langa-langa. Can Badi'a take zama. Taubashiyata ce, 'yar kawuna Tanimun na Bazaga, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta ba ta da inda za ta kai ƙara. Ni kuwa Yakuba ne, kamasho a tashar nan tun ina da gashi a kai. Abin da ya sa na zauna rubuta labarinta shi ne mutane sun fara ba da shi a karkace. Wasu cewa suke da kwamfuta ta kori ƙungiyar nan ta 'Yan Tushe, kamar wani maɓalli ta danna suka watse. Ba haka aka yi ba, kuma ina wurin.

Kawu Tanimun manomi ne, gero da wake, da 'yan awaki da amalanken jaki. Da an ɗaure damma an zuba a rumbu sai ya rataya jaka ya tafi ci-rani, shi da rabin mazan Bazaga, wasu Sakkwato, wasu Ikko, masu dogon buri har Abijan. Babu mai rubuta wasiƙa a cikinsu. Mutum yakan nemi mai rediyon da ke ɗaukar murya, ya sayi kasat, ya zauna ya gaishe da gida tun daga tsohuwa har jinjiri, ya tambayi lafiyar jaki, ya faɗi inda yake kwana da abin da yake ci, sannan ya ba direba ya kawo. Ranar da kasat ya iso akan tara mutanen gida a saki asabari. Kasat na gida ne. Maƙwabcin da ya jiyo murya ta kan danga yakan yi kamar bai ji ba, ko da sunansa aka ambata.

In an saurara an maimaita har batir ya yi sanyi, sai a ɗauki amsa a kan wannan kasat ɗin dai, muryar gida ta hau kan ta matafiyi ta shafe ta, a mayar wa direba. Ba rowa ba ce, haka aka saba, kasat guda ya yi ta kai da kawowa har damina ta faɗi. Ku riƙe wannan da kyau. Shi ya sa kasat ɗin da za ka tarar yau an ajiye a ƙasan adaka, galibi wanda ba a amsa ba ne. Ko mai shi ya dawo kafin a amsa, ko kuwa labarin rasuwarsa ya riga amsar tashi.

Rediyon gidan Kawu yana da mugun hali na cin zare. Ana cikin jin daɗin gaisuwa sai murya ta shaƙe, a buɗe a tarar ya tauna zaren kasat ya cukurkuɗa shi. Badi'a tana 'yar lakwal, wato makarantar boko, ta gano maganinsa. Takan zaro a hankali, ta miƙar da zaren a kan cinyarta, inda ya tsinke ta datse da reza, ta haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, ta naɗe da biro. Ta sha rankwashi a kan jan farcen yayarta. Amma ba a daɗe ba mata suka fara zuwa daga wasu gidaje da kasat a ƙulle a bakin zane, suna tambayar ina yarinyar nan mai ɗinki.

Shekarar da ta shiga kolej a Konni, tana zaune gidanmu, Kawu ya rasu a Ikko. Kasat ɗinsa na ƙarshe an riga an amsa an mayar, bai kuma dawo ba. Saboda haka yarinyar da ta ɗinke muryar iyayen rabin gari ba ta da ta nata uban ko ta gaisuwa guda. Sau ɗaya ta taɓa yi mini maganar. Ta ce ta manta yadda yake kiran sunanta, ko yana jan ƙarshen ne ko ba ya ja. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A kolej karatunta ya tsaya. Ta koyi buga takardu a shagon wani, tana buga wa mutane wasiƙun buro, wato na ofis, da katin biki, har ta samu tsohuwar kwamfuta ta kanta, mai ƙugi kamar injin niƙa. Ta auri Inusa, direban babbar mota da ke ɗauko siminti daga Malbaza, mutum mai haƙuri, kuma yana bukatar haƙurin. Don Badi'a tana da wata ɗabi'a mai ƙona rai. Ba ka isa ka ce mata "kowa ya sani" ba, sai ta ɗago ido ta tambaye ka wa ya ƙirga. Na taɓa ce mata kowa ya san tuwon Bazaga ya fi na ko'ina gardi, don in faranta mata, ta ce in kawo mata waɗanda na tambaya. Tun daga ranar na daina yabon garinsu.

Da salula mai mamori ta cika gari, wajen shekarar dubu biyu da bakwai, rediyon kasat ya fara mutuwa a gidaje, babu mai gyara. Badi'a ta samo wata waya ta haɗa tsohon rediyo da kwamfutarta. Ta ɗinke kasat, ta kwashe muryar, ta rage mata shuu ɗin da ke ciki, ta zuba a salular ɗa ko jika. Wannan aikin ba ta karɓar ko godiya mai tsawo a kansa. Bayan la'asar take yi in ta gama na abinci, da ranar Juma'a. Tsofaffi suka riƙa tahowa daga Bazaga da Alela da ƙauyukan hanyar Illela, a kan amalanke, su zauna a kan bencinta suna jira. Na ga dattijuwa ta kanga salula a kunne ta ce "na'am" ga mijin da ya daɗe a ƙasa. Ni na ce wa Badi'a wahalar banza take sha, ita kuma ta ce in tashi mata daga benci akwai masu jira.

Shekarar da ta biyo baya ta zo da tsada. Hatsi ya hau, 'yan kabu-kabu sun yi yawa a gari har sun fi fasinja, matasa na wuni a kan babur a rana su koma gida da fushi. Ana haka wata murya ta fara yawo a salula, daga wannan zuwa wancan ta bulutut. Ba a san mai ita ba, amma ya iya magana, Allah ya isa. Cewa yake baƙi sun cinye tasha, rumfunan kirki duk na mutanen ƙetaren iyaka ne da Buzaye, ɗan gari kuwa an bar shi da rana. Gari na masu gari ne, in ji shi. Ba a jima ba aka samu ƙungiya wai ita 'Yan Tushe, har da riguna, wanda ya ɗinka musu rigunan kuwa bai taɓa nuna fuskarsa ba. Na ji haushin abin nan ƙwarai. Garin da ya rayu a kan iyaka, wanda ba gidan da ba shi da gwaggo ko kawu a wancan gefen, shi ne za a zo ana tambayar tushe.

Wanda suka sa ya ja musu gaba shi ne Labo, shugaban 'yan kabu-kabu na bakin tasha. Ba mugun yaro ba ne, na san shi tun yana tallan ruwa. Amma yana da wani tabo. Ubansa Mamane ya tafi ci-rani Sakkwato Labo yana ƙarami, bai dawo ba, can aka binne shi. Labo ya girma yana cewa Najeriya ta cinye masa uba. Da muryar nan ta zo sai ta tarar da wuri a shirye a zuciyarsa.

Suka fara da Isma'il mai faci. Zagi yau, gobe a zubar masa da ruwan gwada taya, har ya kwashe kayansa ya ƙetara iyaka. Daga nan suka juya kan Inna Kubura mai tuwo. Iyayenta daga Wurno ta Najeriya suka zo tana goye, a Konni ta yi aure, a Konni ta binne miji, kuma babu direba ko kamasho a tashar nan da bai ci tuwonta ba ranar da aljihunsa ya bushe. Suka aika mata cewa ranar kasuwar farko bayan babbar Salla kada su tarar da tukunyarta a kan murhu. Rumfar nan ita ce abincinta da na jikokinta marayu, ba ta da gona, ba ta da wani wurin zuwa.

Badi'a ta ji muryar, ta yi tambayarta ta kullum, wa ya ƙirga. Sai ta ɗauki biro ta bi tasha rumfa rumfa, tana tambayar kowa inda aka haife shi da inda iyayensa suka fito. Ta zuba a kwamfuta, ta fitar da zane mai kyau mai launi, wanda ya nuna ƙarya muryar take: mafi yawan rumfuna na haifaffun Konni ne, kuma waɗanda ake kira baƙin ma kusan duk sun haɗa jini da gari. Ta manna a ƙofar shago tana jin ta gama aiki. Mutane suka kalla suka wuce. Mai jin yunwa da haushi ba ya tsayawa karanta zane.

Wanda ya tsaya ya karanta da kyau shi ne Labo. Ya shigo shagon da sallama, ina zaune, ya gaishe ta da ladabi.

"Allah shi yi miki albarka, Badi'a, kin rage muna aiki," in ji shi. "Buga min guda, amma mai sunaye, da garin da kowa yaf fito."

Na ga fuskarta ta sauya. Sai a lokacin ta gane abin da ta haɗa da hannunta. Ta ce masa babu. Da ya fita ta yage zanen daga ƙofa, ta goge duk ƙirgar daga kwamfuta a gabana, takardun da ta yi tambaya da su kuwa ta kai murhun mai shayi. Ta ce ta tara mutane wuri guda ta kusa miƙa su, duk don ta ci gardama. Ban tsokane ta ba ranar, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi.

Muka je wurin Inna Kubura. Na sani, kamar yadda tsofaffin tasha suka sani, cewa tana da wa a Sakkwato mai suna Alhasan, kuma shekara da shekaru duk ɗan ci-ranin da ya ci tuwonta ba shi da masauki, gidan Alhasan take kwatanta masa. Na ce ta tashi ta faɗa wa yaran nan, ta kira iyayensu da suna. Ta dube ni kamar na ce ta fita ba zane.

"Yakuba, gori kake so in yi da tsuhwana? Abin da anka yi don Allah ba a hwaɗinai a tasha. In sun ce in tashi, sai in tashi."

Na fita ina huci. Ga gaskiya a hannun tsohuwa, ga kunya ta ɗaure mata baki, kuma na san ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Bayan 'yan kwanaki Badi'a ta aika a kira ni. Ta ce akwai abin da ta daɗe tana ji a kunnenta ba ta lura ba sai yanzu. Duk kasat ɗin ci-rani, ko daga ina ya fito, ƙarshensa iri ɗaya ne. Mutum ba ya rufewa sai ya faɗi sunan mai masaukinsa, ya ce wa mutanen gida su sa shi cikin addu'a. Ladabin abin ke nan, wanda bai yi ba za a ce ba shi da tarbiyya. Ta koma kan muryoyin da ta kwashe, ta ware su gari gari, ta ware masu masauki gida gida. Sai ga shi gidajen da ke ta maimaituwa a bakin iyayenmu su ne dangin mutanen da ake kora: Alhasan a Sakkwato, kawun Isma'il mai faci a Gusau, wani Buzu mai shayi a Ikko da ke barin mutanen Konni su kwana a bayan teburinsa. Inna Kubura ba za ta yi gori ba. Amma waɗanda aka yi wa alherin sun riga sun faɗa da bakinsu, kuma godiya ba gori ba ce.

Na ce to me muke jira, ta zuba a bulutut yau ɗin nan. Ta ce a'a, kasat na gida ne, amana aka ba ta. Ta ƙone hannunta sau ɗaya, ba za ta sake ba. Sai an bi gida gida an nemi izini, kuma ƙarshen kawai za ta yanka, inda ake godiya, ba abin da ya shafi sirrin kowa.

Haka muka yi ta yawo. Inusa ya ba mu aron babur, ni ke tuƙi tana baya tana kushe tuƙina. Wasu gidajen tun kafin ta rufe baki sun yarda. Wasu suka ce sai an tambayi babban wa da ke Agadas. Wani dattijo a Alela ya ce ba za a sa muryar ƙanensa a aljihun 'yan babur tare da waƙoƙin banza ba, ya kuwa kore mu. Na so in mayar masa, Badi'a ta ja mini riga, ta ce gaskiyarsa ce, kasat ɗinsu ne. Matan da ta taɓa yi wa ɗinki su suka ɗauke mana rabin aikin, suna kai maganar a wurin suna da wurin daka, har masu kasat suka fara zuwa da kansu.

Ta haɗa muryoyin gari gari, na Bazaga daban, na Alela daban, na unguwannin Konni daban, kowanne gajere. Ba ta sa kiɗa ba, ba ta ƙara ko kalma ta bakinta ba, ba ta ambaci 'Yan Tushe ba. Dattawa ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, wasu da tari, wasu ana jin ƙarar motocin Ikko a bayansu, kowa na cewa ina gidan wane, ya riƙe ni da kyau, ku sa shi cikin addu'a. Ta zuba wa duk wanda ya kawo salula yana so. Ba mu roƙi kowa ya yaɗa ba. Yaro ya ji an ce muryar kakansa na cikin na Bazaga, ai da kansa zai zo nema. Kafin Salla sai ka ga 'yan kabu-kabu sun haɗa kai a inuwa a kan salula guda, wani na cewa a mayar baya, wannan baffansa ne.

Cikin masu zuwa da kansu har da Kyauta, uwar Labo. Ta kwance bakin zane ta fito da kasat ɗin Mamane. Ta ce ranar da ya iso, ana cikin gaisuwar farko rediyo ya cinye zaren, kafin a nemi mai gyara kuma labarin rasuwa ya zo, sai ta ƙulle shi ta ajiye. Ba ta taɓa jin abin da ke bayan gaisuwar ba. Zafin shekaru ya manne zaren da juna. Badi'a ta sha fama da shi, tana ɓamɓarewa da bakin allura, tana ɗinki, wani wurin ya tafi ba ya dawowa. Da ta gama ta kira Kyauta. Na tashi zan fita, Kyauta ta ce in zauna, tare muka yi yawo da Mamane.

Muryar ta fito a raunane, ta mai ciwo. Bayan gaisuwa da wani wuri da ya lalace, sai muka ji:

"Kyauta, ina gidan Alhasan, wan Kubura mai tuwo ta tasha, ita ta kwatanta min. Tun da ciwon ga yak kada ni, shi ka ɗaukata, shi ka aje ni. Ya hidda ɗiyanai daga ɗaki ya ba ni. In Labo ya girma a gwada mai ƙohwar gidan ga, shi san yana da uba a nan. Ku sa su cikin addu'a."

Kyauta ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ta dai rufe fuska da mayafi ta daɗe. Ni kuwa nan da nan na ce wannan shi ne maganin, a sa shi gaba a na Konni, tasha duk ta ji, mu ga inda Labo zai sa fuskarsa. Badi'a ta ce ba ta ɗinke shi don a kunyata kowa ba, kuma ba ita ke da shi ba. Ta tambayi Kyauta abin da take so.

"Kada a sa shi cikin na jama'a," in ji Kyauta. "Labo ba ya jin tawa yanzu. Sa mai ta ubanai, shi kaɗai."

Washegari Badi'a ta tare Labo a bakin shago, ta ce masa innarsa ta kawo kasat ɗin babansa an gyara, ta ce a sa masa a salula, in yana so. Ba ta faɗa masa abin da ke ciki ba. Ya yi tsaye yana juya makullin babur, yana zargin tarko ne, daga baya ya miƙa salular. Da ta gama ya karɓa ya tafi ko godiya babu. Salla ta zo ta wuce ba mu ji komai ba. Ya daina zama a inuwar da ya saba, amma bai ce an janye magana ba, ni kuwa na riga na yanke ƙauna.

Ranar kasuwar da safe Inna Kubura ba ta hura wuta ba. Ta sa an sauke babbar tukunyarta daga kan duwatsun murhu, ta kife akussa, ta ɗaure muciya da ludayi wuri guda, ta zauna a kan turmi tana jan carbi. Ni da direbobi muka tsaya kusa, Badi'a na ƙofar shagonta. Masu riguna suka zo, ba su kai yawan da suka yi ta cika baki ba, kuma rabinsu sun sa wata riga a kai. Suna ta waige, suna jiran Labo.

Ya iso, ya kashe babur tun daga nesa ya turo shi da hannu. Ya wuce su. Ya zo gaban tsohuwa ya durƙusa, yadda ake durƙusa wa uwa.

"Inna, Baba Alhasan na raye?"

"Shina raye, ɗana. Idanu dai sun tahi."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe ya rungumi tukunyar nan, wadda sai mutum biyu ke ɗauka, ya mayar da ita kan duwatsun, ya gyara mata zama. Ya tambaya ina itace. Wani cikin masu rigunan ya fara magana, wani ya ce masa ya yi shiru. A hankali suka zare jiki, kowa ya tuna yana da fasinja. Inna Kubura ta kwance muciya tana faɗa wai an sa ta makara, tuwon rana ba zai nuna da wuri ba. Ni dai na juya baya, don ba na so a ga kamasho yana share ido a tasha.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Isma'il mai faci bai dawo ba, mun aika masa ya ce ya gode. Muryar nan ta ci gaba da yawo a wasu salulolin, kuma wanda ya ɗinka riguna yana nan a wani wuri yana jiran wata shekarar tsada. Amma ƙungiyar ba ta sake taruwa a tasha ba, Inna Kubura na nan a rumfarta, kuma har yau tsofaffi na zuwa bencin Badi'a. Yanzu akwai wasu mata biyu da ta koya wa aikin, ɗaya a Malbaza, ɗaya a Illela, su ma kyauta suke yi. Tana nan da tambayarta ta wa ya ƙirga, sai dai ta ƙara wata, wa ya ba da izini.

Da la'asar ɗin ranar Labo ya shigo shagon, ina nan. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce yana son ya aika saƙo Sakkwato, amma Inna Kubura ta ce tsohon ba ya riƙe salula, rediyonsa na kasat dai yake da shi a gefen gado. Ya fito da kasat ɗin ubansa daga aljihu, innarsa ta ba shi, ya ce a ɗauki amsa a kai kamar yadda ake yi. Badi'a ta karɓa ta mayar masa cikin aljihun da hannunta. Ta ce wannan ba za a hau kansa ba, ko a wace al'ada. Ta buɗe akwati ta ɗauko wani sabo, ta sa a tsohon rediyon, ta matsa masa kujera, ta nuna masa inda zai sa baki. Na ce mota ta farko gobe ni zan ba direba da kaina.

Ta danna maɓallan biyu, ta yi mini alama mu ba shi wuri. Ina jan ƙofar langa-langa na jiyo ya yi gyaran murya, ya yi sallama.

"Baba Alhasan, ni na Labo ɗan Mamane, daga Konni. Kasat ɗin ya iso."